Daga Tema Zuwa Agbogbloshie

Kwamfutar tebur ta gwanjo in ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema, hanya biyu ce gabanta: shagon mai gyara, ko hannun 'yan gwangwan.

Shekarun baya nakan je Agbogbloshie, a bakin rafin Odaw cikin birnin Akkara, kafin hukuma ta rushe filin a 2021. Can na ga samari, galibinsu 'yan arewacin Gana, suna ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe. Hayaƙin har maƙogwaro yake kamawa.

Nan na koyi cewa ba a cinikin biri a sama. Buɗe akwatin ka sansana. Ƙauri alamar ƙuna ce. Duba ko kafasitocin allon sun kumbura, ko fanka ta cije. Ka lura da ɗan jan makunnin da ke baya: kayan Amurka kan zo a kan wuta 115, ta Gana kuwa 230 ce. Garaje ya taɓa ƙona min guda uku rana ɗaya.

Mai rai, a goge bayanan mai ita na dā kafin a sayar. Matacciya, a cire sassanta masu amfani, a feɗe wayoyin da wuƙa. Ɗan'uwa, kada ka bari yaranmu su cinna musu wuta.