Wa Zai Kai Amarya Bakin Teku?

Mu masu rubuta littattafan soyayya muna da wata al'ada: da zarar labari ya zo ƙarshe, an sha kuka an shawo kan iyaye, sai mu ɗauki amarya da ango mu zuba su a jirgi, mu sauke su a wata ƙasa mai ruwa da korayen itatuwa. Ko sisin kwabo ba ma kashewa, biro ne da takarda. To yanzu abin ya fito daga littafi ya shigo gari. Yarinya tun ba a sa rana ba za ki ji tana cewa ita fa a bakin teku za a yi bikinta. Wurin da na fi ji a bakin 'yan mata shi ne Zanzibar, kuma shi na sani, don Allah Ya sa na taka shi a rakiyar bikin 'yar wan maigidana.

Maganar gaskiya, wurin ya haɗu. Tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba, sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Yashin bakin ruwan fari ne tas kamar garin rogo. In kika bar gaɓa kika shiga ƙauyuka, sai gonakin kwakwa da ayaba da kayan ƙamshi, ga kirfa, ga citta, ga kanumfarin nan da muke saye ƙulli-ƙulli a kasuwa yana tsaye a bishiyarsa, doguwa, ni da na ɗauka ɗan tsiro ne kamar barkono. Tsohon birninsu kuma, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. Abin da ya fi kwanta mini shi ne kusan duk mutanen Musulmi ne. Za ki ji kiran salla, ba ki fargabar nama a cikin gari, amarensu ma ana yi musu lalle. Har harshensu na Suwahili in kin kasa kunne za ki tsinci naki a ciki: habari shi ne labari, asubuhi safiya, Alhamisi kuwa ba sai an fassara miki ba.

Amma teku ba zauren biki ba ne da za a ba ki makulli. Sau biyu a yini ruwan yake cikowa ya janye, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani, in ya janye sai ya tafi can nesa, ya bar duwatsu da ciyawar ruwa, matan ƙauye su shigo da zannuwansu suna aikin gonakinsu na ciyawar teku. Ke da kika biya mai hoto don ruwa ya fito a bayanki, sai ki tarar ruwan ya yi tafiyarsa. A arewa, Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta kai haka ba, kuma nan ne ake ganin faɗuwar rana a kan ruwa. Wata ke jan ruwan, shi ya sa ya fi cika ya fi janyewa a farkon wata da kuma tsakiyarsa, saboda haka kalandarmu ta Musulunci za ki duba. Sannan ga damina: mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba ne gari ke bushewa da sanyi-sanyi, sai dai a tsakiyar lokacin Turawa ke cika wurin, kuɗin ɗaki ya hau.

Wani abin da hoto ba ya nunawa, otal-otal ɗin bakin ruwa ba don mu aka gina su ba. Ana sayar da giya, baƙi na yawo kusan tsirara, kuma gaɓar ba ta mutum ɗaya ba ce, kowa na iya giftawa. Ki tuna surukinki dattijo da babbar rigarsa za ki zaunar a wurin nan.

Duk wannan mai sauƙi ne, ana iya shirya masa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ranar da kika zaɓi wuri mai nisa, ranar kika zaɓi waɗanda za su zo bikinki, ko kin sani ko ba ki sani ba. Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye, sai an ya da zango a wata ƙasa, kamar Adis Ababa. Kowa sai da fasfo da katin rigakafin shawara. Mai fasfon Nijeriya ba a buga masa biza a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida ya jira makonni. Daga Oktoba 2024 kuma suka ɗora wa kowane baƙo inshorar dole ta dala 44. Ki lissafa wannan kan mutum ɗaya, sannan ki juya ki kalli danginki. Wa zai iya? Yayanki mai aikin banki zai iya. Ƙawayenki 'yan gayu za su iya. Gwaggonki da ta goya ki a bayanta fa? Maƙwabciyar da ta yi wa mahaifiyarki wankan jego fa?

A bikin da na je ba mu kai mu 30 ba. An kashe kuɗi, an ci an sha, amarya ta yi kyau har ba a magana. Amma kakar da ta raine ta tun tana shekara biyu tana gida, ƙafa ta hana ta, ko fasfo ba ta taɓa yi ba. A waya aka nuna mata, tana ta cewa a matso da abin ba ta gani sosai. Da dare ya yi aka ce a kai amarya, sai muka dubi juna. Daga ina zuwa ina? Daga ɗaki mai lamba kaza zuwa ɗaki mai lamba kaza, a bene ɗaya. Babu tsohuwar da za ta zaunar da ita ta yi mata faɗan zaman aure, babu dangin ango da za a damƙa musu amana a ce ga 'yarmu nan. Mu da muka raka ta duk sa'o'in juna ne, wa zai yi wa wani nasiha? Yarinyar ta yi kuka, kuma ni dai a ganina ba irin kukan da amare suka saba ba ne.

Kada ki ɗauka kai amarya da buɗar kai da kamu wasa ne na tsofaffi. Matan da suka raka ki ɗakinki su ne gobe in zama ya yi tsami za su yafa mayafi su zo, domin da idonsu aka kai ki, suna jin da hakkinsu a ciki. Wadda kuwa aka bari a gida tana jin labari a bakin mutane, ko ba ta faɗa ba ta riƙe, kuma ranar da kika neme ta za ki ji a muryarta.

Ban ce masu guduwa bakin teku ba su da hujja ba. Bikinmu na gida ya zama abin da ya zama: anko kala-kala, kwana da kwanaki ana girki, a ci naki a koma gefe ana zunɗen kayan ɗakinki. Akwai wadda iyayenta suka rabu, haɗa su a gida ɗaya fitina ne. Akwai wadda danginta ke warwatse a ƙasashe, duk inda aka sa bikin dole wani ya hau jirgi. Irin waɗannan ba na ganin laifinsu.

Ke kuwa da naki ke kusa, ga abin da zan ce miki, ƙanwata. Kafin ki kalli hoton otal ko ɗaya, ɗauki takarda ki rubuta sunayen mutum 10 da in babu su ba za ki ji an yi bikinki ba. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga nawa ne za su iya tafiyar. In rabinsu ba za su iya ba, a ɗaura aure a ƙofar gidanku, a sa ki a lalle, a kai ki ɗakinki yadda aka kai uwarki. Bayan kwana bakwai ku ɗauki jakarku ku biyu, kuɗin da za a kashe wa mutum 30 ya ishe ku ku zauna har ku gaji. Ki tambayi lokacin cikar ruwa kafin ki kama ɗaki, ki tafi da mayafi mai ɗan nauyi don iskar teku ba ta barin gyale a ka. In za ku dawo ki shiga kasuwar Darajani a tsohon birni ki auno wa tsofaffin gida kanumfari da kirfa.