Jiran Igwa a Kona

Tun kafin asuba muka isa gaɓar tekun Kailuwa a garin Kona, cikin tsibiran Hawayi na ƙasar Amurka. A 1981 aka dawo da gasar duniya ta Ironman nan: ninƙaya kilomita 3.8, tseren keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, duk a yini guda.

Mun zaci wahalar a hanya take. Ashe tun a wurin jira take farawa. Da gari ya waye aka buga igwa, ƙwararru suka tsunduma. Sauran kuwa rukuni-rukuni ake sakinsu bisa shekaru, na baya sai su daɗe suna jira, rana tana ɗagawa. Zafin nan ba busasshe ba ne irin namu na bazara, mai danshi ne, gumi ba ya bushewa balle jiki ya huce.

Wani saurayi kusa da shingenmu ya kasa zama. Sai tsalle, sai zagaye, sai kwankwaɗar ruwa gora bayan gora. Ya jiƙe sharkaf tun bai taɓa teku ba, ga layin ban-ɗaki ya miƙe. Wani dattijo kuwa ya samu inuwa ya zauna, jiƙaƙƙen tawul a wuya, yana kurɓar ruwa mai ɗan gishiri kaɗan-kaɗan. Gishirin da gumi ke fitarwa yake mayarwa, domin ruwa zalla idan ya yi yawa yakan tsinka gishirin jini, mutum ya galabaita.

Bayan la'asar dattijon ya wuce mu a titin Ali'i yana sassarfa. Saurayin kuwa muka yi ta leƙen hanyarsa har aka kunna fitilu.