Don na ce direban tasi ne ya gaya mini?

Tun jiya raina a ɓace yake. Na yi ɗan rubutu a kan ficewar sojojin Amurka daga Afganistan, sai wani bawan Allah ya zo ƙasa ya ce wai duk abin da na sani na siyasar duniya a bakin direbobin tasi na tsinto shi. Wasu suka taya shi dariya. Ban goge ba, ban kuma toshe shi ba, amsa zan ba shi a nan kowa ya gani.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san aikin dare nake yi a Birmingham, lokacin da nake tashi bas ta yi wuya, dole sai tasi. Masu ɗaukata yawanci 'yan Pakistan ne da Somaliya da Afganistan. Da ka yi sallama an amsa, shi ke nan hira ta ɓarke.

Kuma 'yan Afganistan ɗin bakinsu ba ɗaya ba ne a kan ficewar. Akwai wani dattijo mai furfura, carbinsa rataye a madubi, da ya ce shi wannan ne karo na biyu da ya ga hakan: sojojin Tarayyar Sobiyet sun fice a Fabrairun 1989, gwamnatin Najibullah ta lallaɓa zuwa 1992, daga nan mujahidai suka juya wa juna bindiga, rokoki suka yi ta sauka a kan Kabul. Wani matashi daga kudancin ƙasar kuwa ba ya son a ce masa da ma Amurkawa sun tsaya. Abin da ya tashi yana gani shi ne sojoji su ɓalle ƙofa da tsakar dare su shiga har ɗakin mata. Ya ce sai da suka tafi mahaifiyarsa ta fara barci da ido biyu rufe. Na uku ɗan ƙabilar Hazara ne. Danja ta tsayar da mu, ya miƙo mini wayarsa ta tsakanin kujeru, hoton ƙanwarsa ne da farin ɗankwalin makaranta. Tun Satumban 2021 ba a bar 'yan mata sun wuce aji shida ba, a Disamban 2022 aka rufe musu jami'o'i. Ya ce yanzu tana gida, shi yake tura kuɗin abinci.

To malam, wanne daga cikinsu ne bai cancanci a saurare shi ba? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda su ukun suka haɗu shi ne salon tafiyar, kuma nan ne hirarsu ta yi mini tasiri. A Fabrairun 2020 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Taliban a Doha, ba tare da gwamnatin Afganistan a zaman ba. A farkon Yulin 2021 suka sulale daga sansanin Bagram cikin dare. Ranar 15 ga Agusta Ashraf Ghani ya tsere, Taliban ta shiga Kabul. Ranar 26 bam ya tashi a ƙofar filin jirgi, ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan ƙasar kusan 170, mutanen da suka yi cincirindo suna neman mafita. Sannan aka riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar a Amurka. Ka shekara ashirin a ƙasar mutane, ka ɗauki 'ya'yansu aikin tafinta da gadi, rana ɗaya ka kaɗe rigarka ka bar su da waɗanda suke nemansu ruwa a jallo. Wannan cin amana ne, ko ta ina ka duba.

Na san abin da zai biyo baya: za a ce ni ɗan koren Turawa ne. Ku koma ku duba abin da na rubuta lokacin da sojojin Faransa suka kammala fita daga Nijar a Disamban 2023, da lokacin da Amurkawa suka bar Agadas a 2024. Ban taɓa cewa sojan baƙi ya zauna din-din-din ba. Ban kuma manta da harin jirgin Amurka maras matuƙi na 29 ga Agustan 2021 da ya kashe mutum goma a Kabul ba, bakwai cikinsu yara.

Za kuma a ce wanda ya iso Ingila ba shi ne talakan ƙauye ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba na tambayarsu ko gara da sojojin suka tafi. Nakan tambayi mutum wace shekara ya fito, daga wane lardi, wa ya bari a gida. Daga amsar za ka gane daga wa ya gudu, ka san yadda za ka auna maganarsa.

Amma raina mutum don yana tuƙi, wallahi girman kai ne, ku ji tsoron Allah. Cikin masu jan motocin nan akwai malaman makaranta, akwai waɗanda suka yi tafinta a fagen daga, akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu da hannunsu. Kai da ka yi mini dariya, in ka taɓa zama da ɗan Afganistan ko mutum ɗaya ka tambaye shi, zo ka rubuta abin da ya gaya maka, zan karanta.