Gogar Jikin Mota Bayan Samfefar Ruwa

Fentin mota ba ya fitowa sumul daga bakin bindigar feshi. In ya bushe, fuskarsa takan yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, ƙura ta maƙale nan da can, wani wurin kuma fentin ya zubo ya daskare. A garejin da ba shi da rufaffen ɗakin feshi abin ya fi muni, balle da hunturu a Kano ko Kaduna, lokacin da iska ke yini da ƙura. Don haka ake bin fentin da samfefar ruwa a daidaita shi, sannan a goge har ƙyallinsa ya dawo.

Abu na farko da dattawan sana'ar ke cusa wa yaran gareji shi ne, ƙyallin nan da ragewa ake samunsa. Samfefa da man gogewa duka cin fenti suke yi. Kiliya, wato fenti marar launi da kamfani ke fesawa a kan launi, kaurinta yakan kai maikiron 40 zuwa 50, wajen rabin kaurin takardar rubutu, kuma ita ce ke kare launin daga rana. Abin da aka kankare ya tafi ke nan. Shi ya sa wanda ya daɗe a aikin, in ya san zai yi samfefa, tun wajen feshi yake ƙara hannu ɗaya na kiliya.

Ba a taɓa fenti sai ya ƙeƙashe sosai. Ana jiƙa samfefar a ruwa mai ɗan sabulu, a naɗa ta a kan katako mai laushi ko roba, domin yatsu zalla suna barin kwari. Akan fara da lamba 1500, a koma 2000, a ƙare da 3000. Lamba 1000 sai inda fenti ya zubo. Kowace lamba aikinta share zanen wadda ta gabace ta, saboda haka ake sauya fuskar gugar in an sauya lamba, don a ga ko tsohon zane ya ɓace. Ruwan da ke gangarowa yana ba da labari. Muddin fari ne, ana kan kiliya. Da zarar ya ɗauki launin motar, an huda, sai dai a sake feshi. Tsakuwa ɗaya tak a ƙarƙashin samfefa kuwa ta isa ta ɓata bonet guda, don haka tsofaffin hannu ba sa ajiye samfefa a ƙasa, kuma suna kasa kunne: ƙarar guga tana sauyawa in wani abu ya shiga.

Bayan samfefa jikin motar yakan dushe gaba ɗaya, har mai ita ya firgita in ya leƙo. Daga nan aikin injin gogewa ne. Ana fara da man gogewa mai kaushi a kan faifan ulu, a ɗauki ɗan fili wanda bai wuce kamu biyu ba, injin yana juyi wajen 1,200 zuwa 1,500 a minti. Faifan a kwance yake tafiya, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, don zafi ne ke ƙone fenti. Akan taɓa ƙarfen da bayan hannu: ɗumi ba laifi, amma in hannu ya kasa zama, a matsa gaba. Gefen ƙofa, kusurwar fenda da duk wani tudu nan ne fenti ya fi siranta, nan ne kuma almajirai suka fi yin ɓarna, shi ya sa ake liƙe su da tef. Bamba ta roba ba ta sakin zafi kamar ƙarfe, tana son sassauci. Aikin duka a inuwa ake yinsa. A rana man yakan bushe kafin ya ci.

Ulu yana barin zane mai zagaye-zagaye, sai a bi shi da soso da man da ya fi laushi. Farar mota tana rufa wa mai gaggawa asiri, baƙa kuwa tana tona shi da fitowar rana. A nan ne ake raba gwani da mai neman a sallame shi. Wasu mayukan cike zane kawai suke yi, motar ta fita tana walƙiya, bayan wanki biyu ko uku zanen ya dawo, mai mota ya dawo da faɗa. Masu gaskiyar aiki sukan share wurin da tsumma mai ɗan sifirit, su haska tocila ta gefe, su duba kafin su ce an gama.

Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadarinsa na makonni, don haka ba a shafa masa kakin kariya sai bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin fentin. Kafin lokacin, a wanke da ruwa mai yawa da tsumma mai laushi, kada a share ƙura a bushe.