Fira a Bakin Gem

Dattawan Gusau sun daɗe suna ƙorafin cewa wasan gem ya kashe hira a tsakanin matasa. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta. Mutum zai leƙa shagon gem a Tudun Wada ko Sabon Gari, ya iske samari biyu a kan benci ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma idanunsu na kan talabijin, babu mai duban ɗan'uwansa. Ga Bahaushe kuwa, wanda sai ya tambayi gida da iyali da gajiya kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, irin wannan zama ya fi kama da gaba. Sai dai wanda ya yanke hukunci daga bakin ƙofa bai saurara ba tukuna. Hira, ko fira, tana nan cikin shagon. Mazauninta ne kawai ya sauya.

Na'urar PlayStation 2 ta fito a 2000, wasan ƙwallon Pro Evolution Soccer kuma a 2001. A shekarun da suka biyo baya ne irin waɗannan shaguna suka bazu: talabijin, benci, da ƙaramin janareta a waje. Dokar wurin ɗaya ce, wanda aka ci ya tashi. Saboda haka mutum biyu ke wasa, amma masu jiran layi sun ninka su sau da yawa.

Dalilin da ya sa mai wasa ba ya iya doguwar magana sananne ne a ilimin harsuna. A 1974 Sacks da Schegloff da Jefferson suka bayyana cewa hira tana tafiya ne bisa tsarin karɓa-karɓa, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Wani bincike na 2009 da Tanya Stivers ta jagoranta a kan harsuna 10 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsarta, a matsakaicin lissafi, kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne na daƙiƙa. Wato mai sauraro yana harhaɗa amsarsa ne tun mai magana bai rufe baki ba. Wannan aiki yana cin hankali, kuma shi wannan hankalin ne ƙwallo ke nema a daidai lokacin da ɗan gaban Basalona ya tunkaro raga. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya tambayi abokinsa yadda suka ƙare da mahaifin budurwarsa a irin wannan lokaci, abin da zai samu bai wuce "uhm" ba, kuma ba wulaƙanci ba ne. Malamin da ke jefa wa yaro tambaya alhali yaron na kwafar rubutu daga allo, sannan ya kira shi daƙiƙi, kuskuren da yake yi ke nan.

Samarin da suka goge sun gano wannan ba tare da karatu ba. Sun san wasan yana da giɓi: lokacin zaɓen ƙungiya, da hutun rabin lokaci, da sa'ad da na'ura ke maimaita ƙwallon da aka jefa, da kuma babban giɓin da ɗauke wuta ke samarwa. A nan ake saka magana mai nauyi. Idan wasa ya dawo sai a dakatar da ita a tsakiyar jimla, babu mai jin haushi. Bayan minti uku sai wani ya ce, "To mutumina, ina munka kwana?" zance ya ci gaba kamar ba a taɓa yanke shi ba. Schegloff da Sacks sun lura da irin wannan yanayi a 1973, inda suka kawo misalin mutanen gida ɗaya da ke zaune a falo: shiru ba ya rufe hira, ba a kuma bukatar sabuwar gaisuwa kafin a sake buɗe ta.

A nan ne abin da dattawa suka ɗauka aibi yake zama amfani. Kunya tana hana saurayi ya dubi tsakar idon abokinsa ya ce gidansu babu hatsi. Amma idan ido na kan talabijin, baki kan saki. Ɗan Tsafe da 'yan bindiga suka hana mahaifinsa zuwa gona yakan faɗi zancen guntu-guntu, tsakanin bugun kwana da bugun gida, da murya irin ta mai ba da labarin wani. Abokin ba zai waiwayo ba. Zai ce, "Allah shi kyauta," ya ci gaba da danna maɓalli, idan an tashi kuma ya riga shi biyan kuɗin wasan. Da za a zaunar da su fuska da fuska a ce su tattauna damuwarsu, da "lafiya lau" za a fara, da ita kuma za a ƙare.

Wannan tsari bai zo da na'ura ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin dara a gindin itace a Bungudu ya ga kakansa. Gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kai a sunkuye, ana lissafin yadda za a jera uku a ci ɗan abokin hamayya. Su ma masu darar ba su cika magana ba. 'Yan kallo ne ke riƙe da hira: zambo ga wanda aka ci, kirari ga gwani, gatse ga mai jinkirin motsi, sannan a tsakani a taɓo farashin taki da zancen siyasa. Yawancin abin da ake faɗa ba labari ba ne. Malinowski ya bayyana irinsa tun 1923, magana wadda aikinta ƙulla zumunci kawai. Mai shigowa shagon gem ya ce, "Wa yac ci?" alhali ga sakamako ɓaro-ɓaro a saman allo, sallama ce ya yi da wata siga. Dattijon da ke kushe gem, sau da yawa shi ne ya shafe ƙuruciyarsa a bakin dara, mahaifinsa na yi masa faɗa iri ɗaya.

Inda ƙorafin nasu yake da ƙarfi shi ne wasan waya. Da gem ya koma cikin wayar hannu, allo ya ƙanƙance har ba ya ɗaukar ido fiye da biyu, kunne kuma ya toshe da abin sauraro. Yaro yana iya yin surutu da abokin wasansa da ke Kano ko Alƙahira, amma ƙanensa da ke zaune kusa da shi ba ya gani, ba ya ji, ba shi da ƙofar shiga. Babu layi, babu wanda aka ci ya tashi, ke nan babu 'yan kallo. Su kuwa su ne ke cike shirun mai wasa.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, duk wasan da ya dogara da intanet ya tsaya cak, abokan nesa suka ɓace a dare ɗaya. Na'urar shago ba ta bukatar sabis, sai dai fetur, wanda shi ma aka taƙaita sayar da shi a lokacin. Dara ce kaɗai umarnin bai shafa ba, domin ba ta neman komai sai ƙasa da tsakuwa da 'yan ƙirare.