A Auna Inna Kafin A Kafa Madubi

Duk wanda ya daɗe yana neman halaliyarsa a ƙasar waje ya san yadda muke gyara wa iyaye gida. Kuɗi su tafi ta waya, hoto ya dawo ta WhatsApp. A fasa tsohon makewayi, a zuba tayil, a jawo famfo, a sa wurin wanke hannu, a kafa madubi a samansa, mu kalli hoton muna zaune a shago mu ce ma sha Allah. Hoto kuwa bango yake nunawa. Ba ya nuna yadda tsohuwa take shiga, da abin da take dafawa, da inda idonta yake tsayawa idan ta ɗago kai.

Ni a Kumasi nake, unguwar Aboabo, atamfa da leshi nake sayarwa. Ƙanena ɗaya yana Kwatano, autanmu ne kaɗai ya rage a Katsina kusa da Inna. Tun rasuwar Baba kowannenmu ya yi juyin duniya ta dawo wurinsa, ta ƙi. Ta ce ɗakin da aka kawo ta amarya, daga nan za a fita da ita. Muka yarda, muka haɗa kuɗi aka yi mata banɗaki a jikin ɗakinta, don ta huta da ratsa tsakar gida da dare. Mai aikin ya yi aiki mai kyau, babu laifi. Madubin dai ya kafa shi daidai fuskarsa, shi kuwa dogo ne.

Da na je babbar Sallah, idonta na fara lura da shi. Inna mace ce da tun tasowata ban taɓa ganinta ba kwalli ba, ko ranar da take zazzaɓi. Wannan karon idon fari fat. Yarinyar da ke kwana da ita, 'yar autanmu, ita ta ja ni gefe ta faɗa mini cewa Kaka takan ɗauki kujera 'yar tsuguno ta shiga da ita, ta taka, ta riƙe kan famfo da hannu ɗaya don ta ga fuskarta. Ranar da kujerar ta zame a jiƙaƙƙen tayil, Allah ya kiyaye ta kama ƙofa, daga nan ta ajiye tandun kwallin.

Da dare na ce, "Inna, ashe hawa kujera kike yi a banɗaki?"

Ta harari yarinyar, ta ce, "'Yar nan, to ya zan yi? Madubin naku goshina kawai yake gani. Kuma ba zan riƙa kiran yara su shafa mini ido kamar jaririya ba."

Wannan magana ta biyu ita ce ta tsaya mini. Tsoho da ya zaɓi zama a gidansa, abin da yake karewa shi ne ya yi wa kansa ƙananan abubuwa ba tare da ya roƙi kowa ba: ya wanke fuska ya ga ta fita, ya daidaita hula ko ɗaurin kallabi, ya rage gemu, ya duba ko wani abu ya maƙale a haƙori kafin baƙi su shigo. Idan abin ya gagara, ɗayan biyu ne. Ko ya haƙura ya daina, ko ya yi dabara mai haɗari. Kuma faɗuwar tsoho ba wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Wanda ya tsira da karayar ƙugu, sau da yawa zaman kansa ya ƙare ke nan, dole a ɗauke shi zuwa gidan ɗa ko 'ya. Abin da Inna ke gudu ke nan.

Washegari na ciro tef ɗin awon atamfa daga jakata. Daga ƙasa zuwa gindin madubin, santimita 140. Daga ƙasa zuwa idon Inna tana tsaye, 137, domin baya ya ɗan ranƙwafa, kuma tsawon mutum yana raguwa da shekaru. Tana zaune a kujerar roba da take wanka a kai, idonta bai wuce 105 ba. A Amurka akwai dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990, kuma ƙa'idojin gini da aka fitar ƙarƙashinta sun ce madubin da ke saman wurin wanke hannu kada gindinsa ya wuce inci 40 daga ƙasa, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya, wanda kuma babu komai a ƙarƙashinsa kada ya wuce inci 35. An yi haka ne don mai keken marasa lafiya ya ga kansa. Ba dokarmu ba ce, amma awon yana da amfani ga duk wanda zama ya fi masa sauƙi a kan tsayuwa.

Da wannan awo muka shiga kasuwa ni da autanmu. Muka bar manyan madubai masu faɗi da ado, muka ɗauki mai tsawo, santimita 90, faɗinsa daidai misali. Aka kafa shi gindinsa na kusan taɓa wurin wanke hannu, a santimita 92. Da haka Inna tana ganin kanta a zaune, tana gani a tsaye, autanmu ma da ya shigo bai sunkuya ba. Akwai wani iri da ake karkato da samansa gaba, yana taimakon wanda ba ya iya miƙewa sam, sai dai yana nuna mutum daga sama, kuma maƙalinsa kan saki da daɗewa. Dogon madubi da aka sauko da shi ƙasa ya fi shi sauƙi da ƙarko.

Tsawo ba shi kaɗai ba ne, akwai nisa. Fuskarka a madubi tana can ciki daidai nisan da ke tsakaninka da gilashin. Idan wurin wanke hannu ya tokare ka a rabin mita, to fuskar da kake kallo tana mita guda daga idonka. Ga shi wanke fuska da sa kwalli dole sai an cire tabarau. Shi ya sa tsoho ke miƙa wuya yana jingina da abin da ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Maganin wannan shi ne ƙaramin madubi mai hannu da ake jawowa gaba a mayar, ko mai gindi da ake ɗorawa a tebur, fuska ɗaya ta yau da kullum, ɗaya mai ƙara girma. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 3X, 5X ko 10X. Mai shago zai ce maka mai goma ya fi, tunda ya fi tsada. Amma duk yadda girman ya ƙaru, sai an ƙara kusanto da fuska kafin hoton ya fito sosai, kuma ɗan wuri kaɗan yake nunawa. Da Inna ta gwada mai goma ta ce kanta juyawa yake. Mai biyar ta zaɓa da kanta.

Shi wannan ƙaramin ba a banɗaki muka ajiye shi ba. Iyayenmu ba su saba daɗewa a wurin ba, tarbiyyarsu ita ce a shiga a yi abin da ya kawo mutum a fito. Ba sai mun koya musu kwalliya a makewayi ba don kawai haka ake yi a otal. Muka ɗora shi a ɗan tebur kusa da taga a ɗakinta, inda ƙasa take a bushe, tana zaune a bakin gado. Na banɗaki ya zama na wanke fuska, asuwaki da duba alwala.

Sai haske. Idon mai shekara 60 hasken da ke isa cikinsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na ɗan shekara 20. Ƙwan fitilar da ke banɗakin Inna yana bayanta ne, saboda haka inuwar kanta ke rufe fuskar. Fuska ake haskawa, ba madubi ba. Mai gyaran wuta ya mayar da fitila gaba, a saman madubin, cikin rufaffen gida mai farin gilashi da ruwa ba ya shiga, don tsirarar ƙwai yana kashe ido, musamman ga mai yanar ido. Da yake wutar tamu sai a hankali, muka rataya fitilar sola mai caji a gefe don asuba. Kuma idan tsoho ya ce madubi ya yi duhu alhali kai kana gani tas, a kai shi a duba ido. Yanar ido ita ce kan gaba wajen jawo makanta a duniya, kuma ana cire ta da ɗan gajeren aiki.

Ga masu sayo kaya a nan su aika gida, ga abin da zan ce a matsayin 'yar kasuwa. A guji madubi mai robar mannewa a tayil, yana sakin bango ba sallama, ya tarwatse inda ake takawa ba takalmi. A ɗaure da noti a cikin bango ta kusurwa huɗu, kada a rataya a ƙusa ɗaya. A tambayi wanda aka manna wa leda a baya, wadda ke riƙe ɓaraguzai idan ya fashe, ko na roba wanda ba ya fashewa ko da yake yana saurin ƙarcewa. Bakinsa ya zama a goge, ba kaifi. Mu da ke Kumasi, Lome ko Duwala mun san yadda laima ke cin gefen madubi ya yi baƙi, don haka mai firam ɗin roba ko alminiyam ya fi na katako. A gida Arewa kuwa matsalar lokacin hunturu ce, tururin ruwan zafi ya rufe gilashi tsoho ya miƙa hannu zai goge. A sa shi nesa da inda ake ajiye bokitin wanka, a bar taga a ɗan buɗe. Mafi muhimmanci, a kafa ƙarfen dafawa mai ƙwari kusa da madubin, domin duk wanda zai kalli fuskarsa a tsaye sai ya nemi abin riƙewa. Kan famfo da marataya tawul ba su ɗaukar nauyin mutum.

Ba kowane tsoho ne buƙatarsa ɗaya da ta Inna ba. Kawuna mai ciwon suga, ma'aikatan asibiti sun ce ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, domin ciwon kan kashe jin zafi, mutum ya taka ƙaya bai sani ba har wurin ya ruɓe. Shi madubin hannu mai dogon mariƙi ya fi masa na bango amfani. Wanda kuma gigin tsufa ya kama, wani lokaci ba ya gane fuskarsa, sai ya ɗauka baƙo ne ya shigo masa yana wanka, ya firgita ko ya ƙi shiga. Irin wannan ba a yi masa gardama, zane ake yafa wa madubin ko a cire shi.

Zuwa da kai ya fi aike, amma na san ba kowa ke samun zuwa duk shekara ba, ga kuɗin mota ga wahalar boda. Idan ba za ka je ba, ka sa wani na gida ya ɗauki tef ya auna abu uku: idon tsohon yana tsaye, idonsa yana zaune a kujerar da ya saba, da gindin madubin da ke bango yanzu. Mace ta auna mace, namiji ya auna namiji, kuma a nemi izininsu tukuna, kada a shigo musu da ma'aikaci kwatsam. Ka tambaye su da bakinka me suka daina yi wa kansu, don ba za su fara faɗa ba. Ranar kafawa a kira ka ta bidiyo, tsohon ya zauna a kujerarsa, a riƙe madubin a bango ana sauko da shi har sai shi ya ce ya ga haɓarsa da saman kansa, sannan a huda.

Inna ta koma sa kwallinta da kanta, har ta aiko a sayo mata sabon tandu. Autanmu ya rubuta awon nan uku a bayan ƙofar banɗaki da kwanan wata, mun yi da shi duk Sallah zai sake aunawa ya turo mini, in Allah ya kai mu.