Na'urar da Ba Ta Cin Faifai

Ni ne na nace a sayi PlayStation 5 marar wurin sa faifai, kuma rabin kuɗin na yayana ne. Babu wanda ya yaudare ni a wannan ciniki. An ma gargaɗe ni, na ƙi ji.

Muna da ɗan ɗakin gem a Malanville ta ƙasar Benin, ba nisa da babbar kasuwa, inda samari ke biya su buga ƙwallo a talabijin. Mun daɗe muna lallaɓawa da tsofaffin PS4. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya ta Nijar, manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka jeru a bakin titi ba motsi. Kasuwa ta yi sanyi ga mutane da yawa, amma mu sai ta buɗe mana, domin yaran mota ba su da abin yi sai zaman jira. Ɗakinmu ya riƙa cika tun hantsi. A ƙarshen Satumba sabuwar ƙwallo ta fito, wadda aka daina kira FIFA aka koma EA Sports FC 24, sai na ga lokaci ya yi da za mu kawo sabuwar na'ura mu fi kowa a unguwa.

Lokacin da kamfanin Sony ya fitar da PS5 a Nuwamban 2020, iri biyu ya yi: mai cin faifai a kan dalar Amurka 499, da wadda sai dai a sauke mata gem daga intanet a kan 399. Wannan ratar kaɗai na gani. Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, abin da ba ka riƙe a hannu ba, yaya za ka sayar da shi ranar da ka matsu?" Na ce, "Yaya, duniya ta wuce nan, a Turai yanzu wa ke zuwa shago?" Na faɗi haka da izza irin ta wanda ya fi kowa a gida iya latsa waya. Ya yi shiru, ya ƙirgo kuɗi ya ba ni.

Tun daren farko na fara karo da bango. Kafin ka sayi komai a kantin intanet na PlayStation sai ka buɗe asusu, ka zaɓi ƙasarka. Na duba jerin daga sama har ƙasa: babu Benin, babu Nijar, babu ko Najeriya duk da yawan jama'arta. A kudu da Sahara, Afirka ta Kudu kaɗai na gani. Sai na zaɓi Faransa, na rubuta adireshin wani gida da ban taɓa gani ba. Ƙarya ce, na san ƙarya ce, na kuma gina sana'ar gidanmu a kanta. Daga baya na gane cewa ƙasar da ka zaɓa ba a sauya ta, kuma kantin ba ya karɓar kuɗin waya, wanda da shi muke biyan kusan komai a nan. Sai katin banki na can, ko katin kuɗi na Yuro da ake sayar da lambarsa. Wani a Kwatano ke turo mini lambar ta WhatsApp bayan ya ɗora ribarsa. Sabon babban gem a kantin Faransa yakan kai Yuro 80. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, wato gem ɗaya ya ɗan haura sefa 52,000, kuma wannan adadin shi ne mafi ƙarancin albashin wata a Benin tun Janairun 2023. An yanka farashin ne don aljihun mutumin Paris, ni kuma na kai kaina na ce can nake.

Saukewa kuwa wani aikin ne daban. Gem irin wannan gigabait gomomi ne, mu kuma intanet ɗinmu na waya ne. Na jingina wayata a taga inda sabis ya fi kamawa, na haɗa ta da na'urar, na zauna ina kallon wani siririn layi yana rarrafe a fuskar talabijin. Data ta ƙare, in sake saye. A ɗauke wuta, in zauna cikin duhu da sauron bakin kogi ina jira. Ranar da ya kammala, ba a jima ba ya nemi sabuntawa. Gaskiya ne gem na faifai ma yana neman sabuntawa, amma shi kana iya ƙyale ta, yara biyu su zauna su buga wasansu ba tare da intanet ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin a lokacin na riga na ga alama. Da tsada ta ishe ni, sai na bi wani da ke tallar asusu cike da gem a farashi mai sauƙi. Ya ba ni kalmar sirri, na shiga, na sauke, muka yi ta aiki. Ban tambayi mutum nawa ya sayar wa wannan asusun ba, don ba na son jin amsar. Wata ranar kasuwa, ɗaki cike, na kunna na'ura sai ga ɗan ƙaramin hoton kwaɗo a jikin kowane gem. Suna nan cikin na'urar, data na ce ta sauko da su, amma an janye izinin buɗe su. Na kira lambarsa, ba ta shiga. Wani yaron mota da ya riga ya biya yana riƙe da rimot ɗin gem yana kallona, bai ce komai ba. Na buɗe gwangwanin kuɗi na mayar wa kowa nasa. Araha ba ta ado.

Sai a lokacin na fara lura da aikin mai faifai na cikin kasuwa, dattijon da na riƙa yi wa kallon wanda zamani ya bari a baya. Ka kai masa ƙwallon bara, ka yi ciko, ya ba ka ta bana. In faifai ya ƙi karantuwa, ka mayar masa ya sauya. In ya san gidanku, ya ba ka bashi zuwa ƙarshen mako. Duk da gada a rufe take, faifai na tsallaka kogi a aljihun mai kwale-kwale zuwa Gaya, ya dawo da wani a madadinsa. Faifai ɗaya yakan ratsa hannu da yawa kafin ya mutu, kowane hannu kuma ya rage wa na gabansa tsada. Da wannan zagayen ne mu talakawa muke samun buga abin da aka yi don masu Yuro. Gem ɗin da aka sauke kuwa ba a sayar da shi, ba a musanya shi, ba a jinginar da shi. Izini ne kawai da aka ɗaure a jikin asusu.

Wannan ba damuwar mutanen bakin iyaka ba ce kaɗai. A 2013 Microsoft ya so ya taƙaita sayar da gem na hannu a Xbox One, ya kuma wajabta wa na'urar leƙa intanet kowace rana. Masu saye a Amurka da Turai suka yi ca, ya janye. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa kantunan intanet su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake biya, ba mallaka ba. Mutanen da ke da intanet mai gudu da katin banki ma suna tsoron abin da ni na rungumo da hannu biyu.

Na'urar tawa tsohuwar ƙira ce, ba a ɗaura mata abin karanta faifai daga baya kamar sabuwar da ta fito a ƙarshen 2023. Na kai ta birnin Parakou na sayar wa wani mai intanet a gida, da hasara, kuma gem ɗin da na biya da Yuro bai ƙara ko sisi a cinikin ba. Na dawo na zauna gaban Yaya na ce, "Ka faɗa mini, ban ji ba. Ka yafe mini, kuɗinka kuma bashi ne a kaina." Ya ce in riƙa cirewa daga kasona a hankali. Mai faifai ya samo mana wata PS4 ta hannu, muka ci gaba.

Hankalina dai bai kwanta ba. Tun 2021 ƙwallon PES, wadda yaran nan suka tashi da ita, ta koma eFootball, ta daina zuwa a faifai. PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 ba ta zuwa da wurin faifai sai ka saya daban. Kamfanoni sun nufi inda nake cewa duniya ta nufa, a nan ban yi ƙarya ba. Amma idan suna son kuɗinmu ta wannan hanya, sai su sa ƙasashenmu a jerin, su karɓi kuɗin waya, su yanka farashin da ya san sefa. A dubawata ta ƙarshe, Benin ba ta shiga ba tukuna.